Kason da Abokina Bai Buɗe wa Kowa Ba

Shekarun baya, wata Talata da hantsi, ina ɗakin kwamfutocin ofishinmu ƙanin abokina ya kira ni. Ya ce, "Yaya ya rasu da asuba. Jana'iza bayan azahar, a Kinkinau."

Tare muke aiki da marigayin. Ofishin yana da rumbun ajiyar bayanai guda ɗaya da aka raba kashi-kashi, shi ne kuma mai tsara wace kwamfuta za ta ga wane kaso. Ni ja masa waya kawai na iya sosai.

Ban gama salati ba oga ya shigo. Ashe jiya abokina ya sauya wa babbar kwamfutar sashen filaye katin da ke haɗa ta da rumbun, lambarta ta canza, rumbun ya daina gane ta. Takardun filayen mutane duk suna ciki, ga layi har bakin ƙofa.

Oga ya ce, "Allah ya jiƙansa. Malam, buɗe wa kowace kwamfuta rumbun mana, a gyara daga baya."

Na buɗe. Nan take wata sabuwar kwamfuta ta hango kason filayen, ta ɗauka fanko ne, ta tambaya ko ta share shi ta shirya shi. Saura kaɗan na amsa mata. Sai na tuna faɗan da abokina yake yi mini: "Kai dai, ba kowa ake ba makullin ɗaki ba don ana sauri."

Na rufe komai. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai dai su jira."

Al'adar abokina ce ya rubuta lambar kowane kati a takarda ya manna a bayan kwamfutar, ya kuma kwafe a wani littafi. Na durƙusa na leƙa. Sabuwar lambar tana nan, da rubutunsa na jiya. Na shigar da ita harafi-harafi, sau uku ina dubawa. Takardun suka dawo, ko ɗaya ba ta ɓata ba.

Da na isa Kinkinau, mutane na dawowa daga maƙabarta.

Tun daga ranar ban sake buɗe wa kowa komai don gaggawa ba. Amma rashin samun sallatarsa yana nan a raina.

A littafin akwai wani ƙaramin kaso da bai ba kowace kwamfuta ba. A gefensa ya rubuta, "Sai mun yi magana." Har yau ban buɗe shi ba.