Ƙwaron da Ya Yanke Kukokin Matata

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, amma kakar da na kusa korar mutumin kirki daga gonata saboda ƙwaro ba za ta taɓa fita raina ba.

Shekara biyu ke nan bayan babban farin nan, ina zaune a wani ƙauye kusa da Guci. Matata ta rasu a ƙarshen farin, ta bar mini ƴa ɗaya da ƴan kukoki huɗu da ta dasa a gefen gona tun zuwanta gidana. Da tulu ta yi ta kai musu ruwa har suka fi ni tsawo. Takan ce miyar ƴarta take ajiyewa. Ban iya zancenta da kowa ba, sai dai in je in tsaya wajen kukokin.

Wata safiya bayan an gama girbin hatsi na tarar da rassa uku na kukokin a ƙasa, an yanke su tas. Kwana biyu aka ƙara wasu. A gonar kuwa akwai wani dattijo Bafillace da ke sauka kowace kaka, shanunsa su ci kara su bar mini taki. Tun zamanin mahaifina muke haka. Fari ya cinye garkensa, saura ƴan ramammu, kuma na san idan na tashe shi babu wata gonar da ba a riga an kama ba. Duk da haka na same shi yana tatsa, na ce, "Baffa, kai ke sare mini kukoki saboda shanunka, zan kai ka gaban maigari. Ka fara ɗaure kayanka."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki reshe ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Kaɗo, kai da ka yi karatun lakwal, ka taɓa ganin gatari ya zagaye reshe kamar zobe? Ga ganyen ma ba a taɓa ba. Wane ɓarawo ne zai yanka ya bar naman?"

Na ji maganar, amma baƙin ciki ba ya son hujja. Na ce na ba shi mako guda.

Ranar kasuwar Guci na kai reshen wurin ma'aikacin gona da ke zuwa daga Magariya a moto, wato babur, muna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Ya tsaga shi, sai ga farar tsutsa a ciki. Ya ce, "Wannan ɗiyar ƙwaro mai dogon ƙaho ce, amma danginsu na da yawa, tsutsarsu kuma duk kama ɗaya. Tana iya shiga reshe bayan mutum ya sare shi, don haka ba zan wanke kowa da tsutsa ba. Nemo babban. Idan ruwan ƙasa ne, na busasshen itace ne, ƙyale shi. Idan baƙi ne mai ɗamara uku ruwan goro a baya, ƙahonsa ya fi jikinsa tsawo, ga ƙaya ɗaya a kowane gefen wuya, to shi ne wanzamin da ke yi wa rassa kaciya."

Na duba kwana uku, ban samu ba sai masu ruwan ƙasa a cikin itacen girki. Yanzu ina jin kunyar faɗa, amma rashin samun ya yi mini daɗi.

A rana ta huɗu da hantsi na ji Baffa yana kira, "Kaɗo, zo ka ga ɓarawonka, har da matarsa ya zo."

Su biyu ne a reshe ɗaya, suna gurgurar ɓawo suna zagayawa, garin itace na zuba. Na kama ɗaya, ya yi ɗan tsuwa, ƙayar wuyansa ta soke mini yatsa. Na ƙirga ɗamara, uku cif. Na zauna a gindin kukar, kukan da ban yi ba ranar jana'izar matata shi na yi a nan. Baffa ya juya yana kallon shanunsa har na gama.

Na ce, "Baffa, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe tun ranar. Amma maganar maigari tana nan. Ɗaure ƙwaron mu tafi, ni zan yi shaida."

Mushe ya tabbatar shi ne, ya ce mu riƙa tsince su da hannu, mu ƙone rassan da suka faɗi don ƙwansu na ciki. Ni da Baffa muka yi aikin har kaka ta wuce. Kuka ɗaya ta mutu, uku suka yi sabon toho da damina. Har yau ƴata na shanya ganyensu, jikokina na cin miyar kakar da ba su taɓa gani ba.

Abin da na koya shi ne, mai baƙin ciki yakan ɗora wa na kusa da shi laifi don shi ne hannu ke kaiwa. Tun ranar ba na kama sunan kowa sai na ga mai yankan da idona, na ƙirga ɗamararsa.