Ranar Da Guduna Ya Tashi Ƙauye

Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina yagewa, don ba labarin da mai furfura zai bayar yana ɗaga kai ba ne. Abin da ya sa na daure na aiko muku shi ne, akwai wani dattijo a ciki, kuma bai kamata kunyata ta sa a rasa sanin abin da ya yi ba.

A lokacin ni malamin gona ne, na haura hamsin. Aiki ya yawata da ni daga Fatakwal zuwa Jos zuwa Kaduna, kuma duk garin da na zauna sai da ya bar mini tsaraba a tumbi. A Kaduna likita ya ce hawan jini da suga sun sa ni gaba, in riƙa sassarfa kullum da safe. Can abin da sauƙi. Ka sa kambas ka fito bayan Asuba, kafin ka kai shataletale ka tarar da tsofaffin sojoji da ma'aikatan banki suna haki, ka bi sahu. Har na fara jin kaina ɗan tsere. Sai aka mayar da ni Batsari.

Satin farko na shiga neman abokin gudu. Direban ofis ya ce shi an ɗauke shi aiki ne don kada ƙafar kowa ta wahala. Mai shayi ya dubi cikina ya ce in tumbin nake son saukewa, yana da gona da fartanya, kyauta ma. Maigadinmu ne kawai bai yi dariya ba. Ya ce Yallaɓai, in ya zama dole, a riƙa zagaya harabar ofis. Na ɗauka lalaci ne irin na tsofaffi, ban ko tambaye shi dalili ba.

Wata Talata da damina, gero ya fi mutum tsayi, na sa jan wandon wasanni na fita ni kaɗai. Na bi hanyar Yasore ina takawa a hankali har na wuce wani ɗan ƙauye, sannan na juyo da gudu zuwa gari. Na sha jin labarin 'yan bindiga kamar kowa, amma ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa a wannan yankin, babban mutum in ya ɓullo daga wajen daji a guje, saƙo ɗaya yake ɗauke da shi.

Manomin farko da ya gan ni ya yar da fartanya ya biyo ni. Wallahi har hannu na ɗaga masa. Can na waiwaya na ga sun zama biyar, na ce a raina ashe mutanen nan kunya ce ke hana su. Sai na ji salati ya tashi daga ƙauyen, mata na kiran sunayen 'ya'yansu, wani na ihu cewa sun shigo. Ni ma na yarda an shigo, na ƙara wuta. Su kuma da suka ga na ƙara, suka tabbatar na ga abin da idona.

Ban yi nisa ba ƙirjina ya ɗauki zafi, idona ya fara ganin duhu. Ina shirin zubewa sai na ji an damƙi hannuna. Wani dattijo ne siriri, ya girme ni nesa ba kusa ba, ƙafarsa ba takalmi, ga wata tsohuwa ya goya da zane kamar jaririya, ƙafarta ɗaya na lilo. Matarsa ce, shanyewar ɓarin jiki gare ta. Ya ce Alhaji kada ka tsaya, shaƙa ta hanci, ka taka inda na taka. Ina ji tsohuwar na ce masa Malam ka aje ni ka ja baƙon nan, shi kuma ya ce ta rufa masa baki, ita da ba ta kai rabin buhun gero ba. Haka ya ja ni, da goyo a baya, numfashinsa daidai kamar mai tafiya masallaci. Na ga masu gudu a filayen wasa na manyan birane, ban taɓa ganin irin wannan ba. Bai saki hannuna ba sai da muka ga rufin kwanon gari.

A bakin gari 'yan banga suka tare mu suna tambayar wa ya gan su. Wannan ya nuna wancan, wancan ya nuna wani, har yatsu suka taru a kan mai jan wando. Cikin ladabi shugabansu ya tambaye ni babura nawa na ƙirga. In na ce na ji harbi, kowa zai yarda, mutuncina ya tsira. Amma mutanen nan za su bar gidajensu da gonakinsu ana tsakar aiki, samari kuma su shiga daji neman abin da babu. Na dubi dattijon, ya sauke matarsa a gindin darbejiya yana gyara mata kallabi, jini na bin tafin ƙafarsa bai ma lura ba. Na buɗe baki na ce motsa jiki nake yi, likita ne ya sa ni.

Wani ya ce da ba don furfurata ba da yau likitan ya sami aiki. Allah Ya tsare ba a rasa rai ba, amma ƙafar wata mata ta gurɗe, tukunyar da aka bari a wuta ta cinye dangar wani gida, awaki kuma kwana biyu ana tattara su. Daga baya na ji cewa dattijon daga wajen Tsaskiya ta ƙasar Safana ya yi ƙaura, kuma wannan ne karo na uku da ya goyi matarsa a guje. Biyun farko da gaske ne.

Na yi yawo har ina ganin na san mutane, ashe ban san in tambayi mai gari kafin in kawo masa al'adar wani gari ba. 'Yan'uwana ma'aikata da ake turawa ƙauyuka, in maigadi ya ba ku shawara bai yi dariya ba, ku zauna ku ji dalili.

Da Juma'a ta zo na ɗauki goro da takalmi na je neman gafara. Dattijon ya ce ba komai, Allah Ya yafe mu duka, tsohuwar kuma ta ce in na sake marmarin gudu in aiko tukuna ta ɗaura zane. Ya rako ni har bakin hanya. Muna sallama ya riƙe hannuna, ya yi ƙasa da murya, ya ce shi tambaya gare shi. Wai da gaske ne akwai garin da mutum zai fito a guje, ba wanda zai dubi bayansa?