Wuƙar Wa?

Duk wanda ya taɓa ajiye wa marigayi Kawu Ɗanlami kwanon nama ya san tambayarsa. Kafin bisimilla sai ya ce, "Wuƙar wa?" In ka yi inda-inda ya ture naman, ya zaro kwalbar yajinsa daga aljihu, ya barbaɗa wa tsurar shinkafa. A wani biki a unguwar Dagenham ta Landan har uwar amarya ya tsare. Ta ce, "Kawu, ai an rubuta halal a kwalin." Ya ce, "Kwalin ne ya yi yankan?"

Ni ya kawo Landan in kula da cimarsa, ga shi kullum sai ramewa yake, abin duniya ya ishe ni. Kwatsam ya gano shagon abincin wani tsohon Bayahude a arewacin gari, ya raɗa masa suna Malam Ishaku. Ranar da ya ja ni can, sai na toge a bakin ƙofa. Na ce, "Kawu, da hijabina? In 'yan masallacinmu suka gan ni fa?" Ya ce, "Ki ce su shigo, Ladi. Yankan Ahlul Kitabi ne."

Aka kawo naman shanu mai gishiri, an cusa shi cikin burodi mai rami kamar gammo, da kokwamba mai tsami a gefe. Kawu ya nemi shayi da madara. Tsohon ya kaɗa kai, wai su a addininsu nama da madara ba sa haɗuwa. Wallahi na ɗauka za a yi rigima, har na fara duban ƙofa. Sai Kawu ya buga tebur: "Kin ji ko! Wanda ya hana ni madara don tsoron Allah, shi zai ba ni mushe?"

Da aka yi masa aiki a asibiti a Camberwell, ya ƙi abincinsu ƙememe. Likita ta ce ƙarfinsa na ƙarewa, in bai ci ba sai an zura masa roba ta hanci. Na yi faɗa, na yi kuka. Na ce, "Tsoho, so kake ka mutu a hannuna, a ce yunwa na bar ka da ita?" Ya rufe ido ya ce, "Ishaku."

Ni da sai da na aurar da 'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, ni kaɗai na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina haɗa baƙin kowace tasha da yatsa. Na kai. Shago a garƙame! Ashe Asabar ce, ranar ibadarsu.

Na dawo hannu rabbana, ina share hawaye. Kawu ya yi dariya har ya dafe ɗinkinsa: "Da kin same shi a buɗe, da na bar cin namansa!"

Lahadi na koma. Da Malam Ishaku ya ji labari ya hana ni naman gishiri, ya zubo romon kaza da wasu curi a ciki kamar fura. Da na kai asibiti, Kawu ya shinshina, ya ɗago ido.

"Wuƙar wa?"

"Ka sha ko in ɗura maka!"

Ya lalubo yajinsa a ƙarƙashin matashi, ya barbaɗa, ya shanye tas. Na zube a ƙasa ina ta hamdala.

Ya ƙara shekaru yana addabarmu da tambayar nan. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya ciyar da shi a inda ba sai ya tambaya ba.