Ranar da Na Gayyato Surukin Mawaƙi

Shekarun baya can, zamanin Faransawa na mulki, sana'ata rubutu a kan waƙa. Ba wanda ya ɗauke ni aiki. In saurari sabon faifai ko in yi hira da makaɗi, in aika wa wata ƙaramar jarida a Yamai, in sun ga dama su buga. Ni kuwa gani nake daga Damagaram har Agadas babu kunne irin nawa.

Abokina direban kamiyo, wato babbar motar kaya, shi ne ya ba ni labarin wani Ba'abzine da ke tuƙa Turawa masu binciken duwatsu a wajen Arlit. Lokacin babu gari, sai zango da tantuna. Ya ce in mutumin yana waƙa matarsa na goge, raƙumi ma sai ya bar tuƙa. Na bi abokin nawa muka tafi. Da ƙyar wani Bature ya ara mini akwatin ɗaukar murya na yini ɗaya, don washegari zai koma kudu da abinsa. In ban ɗauka ranar ba, muryar nan ba za ta taɓa fita daga dajin ba.

Da la'asar aka yi shimfiɗa. Don in nuna ni ɗan gidan mutunci ne, na je da kaina na gayyato dattijon zangon, na zaunar da shi gaba-gaba. Ashe mahaifin matar mawaƙin ne.

Na kunna akwati. Mawaƙi ya ja rawani har ƙasan ido, matarsa ta tura gogen bayanta. Na yi tambaya, shiru. Na sake, shiru. Zare yana ta juyawa yana ɗaukar kukan awaki. Raina ya ɓaci, har na fara shirya abin da zan rubuta, cewa sunan ya fi mai shi.

Abokina ya matso ya raɗa mini, "Malam, ka yi ɓarna. A nan ko ruwa mutum ba ya sha gaban surukinsa, balle waƙa."

Kunya ta rufe ni. Ga shi ba a cewa babba ya tashi.

Dattijon ya dube ni, ya dubi surukinsa, ya miƙe da sandarsa. Ya ce, "Raƙumina bai dawo ba tun safe. Bari in duba shi."

Yana ba da baya goge ya fara, murya ta biyo. Waƙa uku muka samu kafin zaren ya ƙare, kuma har yau ban ji kamarsu ba. Daga inda nake ina hangen bakin rawanin tsohon a bayan wani dutse, taku kaɗan daga wurinmu. Yana zaune, bai motsa ba.

Da safe za mu tashi, ya zo gindin kamiyo ya riƙe hannuna. Ya ce, "Yaro, ka rubuta da kyau. Mutane sun ce yana da murya. Ni ban taɓa ji ba."

Na rubuta da kyau kuwa, aka buga, daga baya aka sa waƙoƙin a rediyo. Tun daga ranar, in na sauka wuri don hira, ba na fara tambayar wa ya iya waƙa. Sai na tambayi wa ke jin nauyin wa tukuna.