Ranar Da Ɗana Ya Koya Min Sunansa

Jiya jikata ta ƙanƙame uwarta tana cewa, "Mamana ce ni kaɗai!"

Na tuna ranar da aka dawo min da ɗana daga Rogo, can ƙarshen shekarun tamanin. Ɗan fari ne, tun yaye yana wurin surukata, sai da ya shekara huɗu ta kawo shi Karaye. Ita yake ce wa Inna, ni kuwa Yaya, kamar ba ni na haife shi ba.

Tana zaune a tsakar gida, yana kan cinyarta, tana ɓare masa gyaɗa. Ni da na kwana biyu ina naƙudarsa, ina bakin murhu ina hararar su ta wutsiyar ido. Ba halin in ɗauke shi, ba halin in kama sunansa, a ce ba ni da kunya.

Na ce, "Kai yaro, miƙo min ludayi."

Ya kawo, ya tsaya yana kallona, sannan ya rage murya: "Yaya, ke ba ki san sunana ba ko? Kar ki damu, zan koya miki. Ce Ha-bi-bu."

Inna ta tuntsire da dariya har da tafi. Ni kuwa na juya, na ce hayaƙi ne ya shiga min ido.

Yau 'ya'yansa uku. Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta, amma har gobe ina kishin cinyar nan. Sunan kuma har yau ban faɗa ba.

Ku da kuka yi kunyar ɗan fari, don Allah me ta ƙara mana?