Ɓarayin Waken Kakata

Shekarun baya, muna haya a unguwar Maamobi, mahaifiyata, Mma, ta shuka wake a tsofaffin bokitai uku a bayan ɗakinmu. Ba irin na kasuwar Malam Atta ba ne. Kakata ce ta taho da shi daga ƙauyensu a Nijar, kuma cikin hannu ɗaya ya rage, Mma ta zuba shi duka a ƙasa.

Ya yi fure gwanin sha'awa. Amma duk kwanson da muka ɓare, sai rami da kashin tsutsa. Mma ta ce bakin mutane ne, ta dinga tofa addu'a a bokitan.

Ni kuwa na gama koyon ɗinki, ba keke, ba kwastoma. Na ja kujera na zauna gadin wake kamar wadda aka ɗauka aiki. A nan na lura da wasu ƙananan malam-buɗe-littafi shuɗɗa, ba su fi farcen babban yatsa ba. Ashe iri biyu ne. Masu 'yar wutsiya kamar zare kan furen wake suke sauka, marasa wutsiya kuma alayyahun bakin kwata suke bi.

Na ce, "Mma, ga ɓarayinki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ei, ke! Wannan ɗan abu mai kyau? Zaman banza ya fara taɓa ki."

Wallahi na ji zafi. Na ciro tsutsa ɗaya daga waken na saka a kwalba da furannin wake, na ɗaure bakin da ƙyalle. Matan gidan suka yi ta tsokanata wai na fara kiwo. Bayan kamar mako biyu sai ga malam-buɗe-littafi ya fito, shuɗi, da 'yar wutsiyarsa. Mma ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan ta ce, "Kwanto mini gidan saurona."

Na yanka shi, na ɗinka da hannu, na tsince ƙwai da tsutsotsi, muka lulluɓe bokitan. Furen ƙarshe ya ba mu gwangwanin madara ɗaya.

Da ya bushe, a gaban yayuna mata biyu ta ƙulle shi ta miƙo mini. "Ke za ki riƙe. Ke ce mai ido."

Yau ina da shagona a Nima, an sha yaba ɗinkina, amma ban taɓa jin yabon da ya kai wannan ba. Mma ta rasu. Waken yana nan, bana ma na shuka.