Ankon Zaɓen Yaya Memuna

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayata Memuna, kuma har yau ba na iya hawa matakalar tashar jirgin ƙasa mai lamba huɗu sai na damƙe ƙarfen gefe. A nan ta faɗi. Da safe ne, muna hanyar aiki, ina bayanta riƙe da jakarta, tana ba ni labarin wata malama, sai ta yi shiru a tsakiyar magana, ta zauna kamar mai son gyara takalmi. Kafin motar asibiti ta iso, Allah Ya karɓi abinSa. Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe mata a kai. Ni dai tun daga ranar, duk wanda ya katse magana ya yi shiru a gabana, sai in miƙa hannu in tare shi.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a Zangon Kumasi aka haife mu. Ta riga ni zuwa New York, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, daga baya ta ɗauko ni na ƙarasa sakandare a nan unguwar Morris Heights. An saba idan mutum ya rasu a ce ba a taɓa jin kanku ba. To ni gaskiya tun ina ƙarama nake kishin Yaya. Idan ta shiga ɗaki sai mutane su gyara zama. Idan na shiga sai a ce ga ƙanwar Memuna. Akwai waɗanda suka shekara suna cin tuwona a ginin nan ba su san sunana Sadiya ba.

Abin da ya kai ta neman kujera ɗiyarta ce, Rukaya, lokacin tana aji ɗaya. Makarantar kan sa taron iyaye da hantsi, lokacin da kowace mace a cikinmu ke gidan wani tsoho tana ba shi magani. Takardu kuwa da Turanci da Sifaniyanci suke zuwa. Wata maƙwabciyarmu ta sa hannu aka sauya wa ɗanta aji, ita a zatonta izinin zuwa yawon buɗe ido ne. Yaya ta ji labarin akwai majalisar iyaye ta gunduma, wadda ake saurara kan harkar makarantu, har da yanke waɗanne tituna ne 'ya'yansu za su je wace makaranta. Aka ce mata iyaye ne ke zaɓa. Ba ta tsaya jin ƙarshen bayani ba, ta ba da sunanta.

Sai muka shiga neman ƙuri'a irin wanda muka sani a gida. Aka kai goro wajen liman, aka kai wa Magajiya, shugabar matan Zango. Babu suna ko biki da aka yi a watannin nan ba a tsayar da kiɗa an yi shelar Memuna ba. Magajiya ta ce abu irin wannan ba a zuwansa a warwatse, sai da anko, abin da mu 'yan Zango muke kira yayi. Wani ɗan Nijar mai tebur a Canal Street ya samo mana atamfa kore mai zanen ganye, teloli suka yi ta ɗinki. Har matan unguwar Stapleton da ke tsallaken ruwa, waɗanda 'ya'yansu ba ma a gundumarmu suke ba, suka ce ba za a bar su a baya ba, suka hawo jirgin ruwa da kulolin wake da shinkafa.

Ranar da muka ɗauka ranar zaɓe ce, muka cika zauren makarantar, kore ko'ina. Yaya tana gaba kan tebur da sauran 'yan takara, don haka ni Magajiya ta jawo in yi mata tafinta. Ta ce in tambayi matar da ke bakin ƙofa ina akwatin yake, a fara da tsofaffi saboda ƙafa. Matar ta dube mu, ta sake dubanmu, sannan ta yi bayani a hankali. Yau ranar jin 'yan takara ce kawai. Masu zaɓe kuma ba dukkan iyaye ba ne, mutum uku ne daga ƙungiyar iyayen kowace makaranta, shugaba da sakatare da ma'aji, kuma a kwamfuta za su yi, kowa a gidansa. A duk wannan taro namu babu ko mutum ɗaya da ke riƙe da irin wannan kujera.

Da na fassara, Magajiya ta riƙe haɓa ta ce, “Yanzu 'yar nan, zaɓen da ba layi, ba akwati, ba a shafa wa mutum tawada a yatsa, shi muka ɗinka wa kaya?”

Rashin sani ya fi dare duhu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na dubi Yaya ina cewa a raina yau dai za ta ɗanɗani kunya irin wadda mu sauran mutane muke ji. Ina. Da aka ba ta magana sai ta ajiye abin da ta shirya, ta nuna mu da hannu, ta ce wa zauren su dubi matan nan, sun bar aikin yini guda sun zo zaɓe, sai a bakin ƙofa suka ji ba su da ƙuri'a, kuma haka duk wani saƙon makaranta yake iso mana. Aka tafa mata. Ko kunya idan ta zo kan Yaya sai ta yi mata kyau. Ba ta ci zaɓen ba. An dai cinye wake da shinkafa tas, har mai sharar makarantar sai da ya nemi ƙari.

A hanyar komawa, muna tafe kamar kajin da ruwa ya daka, ita kuwa sai lissafi take da baki. Ta ce ashe kujera uku ce a kowace makaranta, to mu nemi kujerun. Daga nan ta shiga jan mata ɗaya bayan ɗaya zuwa taron ƙungiyar iyaye. Ta farko da ta ja ita ce Barikisu, mai kitso a hawan da ke samanmu, wadda ko ranar ankon ba ta zo ba, tana kan wata amarya. A lokacin Barikisu ko sunanta ba ta iya faɗa a gaban Bature. Yaya ce ta koya mata tsayuwa, ta koya mata inda ake kallo idan ana magana. Saura 'yan watanni a sake zaɓe, Yaya ta zauna a kan matakalar nan. Barikisu ta tsaya a madadinta, matan da Yaya ta zaunar a kujeru suka zaɓe ta.

Yau idan Yaya ta leƙo, ba za ta gane wasu abubuwan ba. Taron iyaye ya koma yamma. Akwai lambar da ake bugawa a samu mai fassara. Ranar Sallah ana rufe makarantu, aikin mutane da yawa ne a faɗin birnin nan, amma ita ba ta ga ko guda ba, har ta rasu tana rubuta wa malamai takardar ban haƙuri duk shekara. Barikisu kuwa ta zama Hajiya Barikisu, uwar makaranta, a wajen biki kujerarta na kusa da ta Magajiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba zan yi mata ƙarya ba, duk inda ta tashi magana sai ta ambaci Yaya. Wannan ne ma ya fi ƙona min rai, yadda take cewa “Memunata” kamar tare aka yaye su.

Da kujera ce kaɗai da na haƙura. Amma akwai Rukaya. Mahaifinta direban babbar mota ne, sai ya yi mako yana wata jiha, riƙonta a hannuna yake. Ni ke tsefe mata kai, ni ke zama da ita idan zazzaɓi ya tashi, ni ke sa hannu a takardunta. Amma idan tana son jin labarin uwarta, sama take hawa. Laifin ba nata ba ne. Ni da an ambaci Yaya, ba abin da ke zuwa min sai matakala. Barikisu ce mai labaran dariya. Kwanakin baya na ji yarinyar nan a waya tana cewa “Mma Barikisu”, yadda muke kiran uwa a Zango. Ni kuwa Anti Sadiya ce, kamar kowace mace a titi. Sai ga mahaifinta ya zo da magana, wai tun da lokacin neman babbar sakandare ya matso, kuma Hajiya ta san kan makarantu, in yarinyar tana so ta koma sama da zama, shi ba zai hana ba. Na ce to. Na shiga bayi na buɗe famfo don kada a ji ni.

Na san abin da Yaya za ta ce. Za ta yi dariyar nan tata har da buga cinya, ta ce Sadiya, hassada ga mai rabo taki ce, ki bar wa baiwar Allah kujerarta. Za ta yi murna da Barikisu fiye da kowa. Wanda ya tafi ya huta da kishi, mu da muka rage ya bar wa.

Barikisu da kanta ta sauko ta buga min ƙofa. Ta ce kujerar sakatare ta makarantar su Rukaya babu kowa a kai, in ba wadda ta tsaya, ƙuri'a ɗaya ta fita daga hannunmu. Na ce mata ni ba Memuna ba ce.

Ta ce, “Ni ɗin ita ce? Ranar da ta fara ja na taro, amai na yi a bayin makaranta. Ki zo ki tsaya, ki kuma daina kallona kamar na sace miki akuya.”

Ba jarumta ce ta fitar da ni ba, kada wani ya yaba min. Tunani na yi, in yarinyar nan mai sanin makaranta take nema, ai ni ma a nan na yi tawa. Ranar taron na buɗe akwati na ciro koren ankon nan, wanda ban taɓa ba tun rasuwar. Rukaya ta shigo ta tambaye ni da Turancinta wannan kuma wane tsohon yayi ne. Na buɗe baki in ce ba komai, sai na ji ina ba ta labarin goro, da matan Stapleton da kulolinsu, da Magajiya tana neman akwati. Da na kwaikwayi muryar Magajiya, yarinyar ta faɗi kan gado tana dariya har da hawaye, dariyar uwarta sak. Ta ce Mma Barikisu ba ta taɓa faɗa mata wannan ba. Na ce ai ita ranar ba ta nan. Ni nake nan.

Na ɗaga hannu a taron. Ba wanda ya yi takara da ni, don haka babu wani abin alfahari. Da mahaifinta ya dawo ya sake tayar da maganar komawa sama, Rukaya ta ce ita tana nan, saman ai hawa ɗaya ne, in tana da tambaya za ta je ta dawo.

Har yanzu Mma take kiran Barikisu, har yanzu kuma sai na ji abin ya soke ni. Kujerar gunduma ta tafi, sunan uwar makaranta ya tafi, ban ga alamar zan daina jin zafinsu ba. Abin da Yaya ta bari shi ne mata masu rawar murya zaune a kujerun da da ba mu san da su ba, yanzu har da ni a ciki. Ta kuma bar yarinyar da na gaya wa komai daga baya, har da matakalar. Tun daga nan, duk ranar da za mu hau jirgi, Rukaya ce ke shiga gaba, tana zuba surutu kan malamai da ƙawaye, ba ta tsayawa ko numfashi sai mun kai sama. Allah Ya jiƙan Yaya Memuna, Ya haskaka makwancinta.